Yadda Za Ka Sayi Sabon Bugun Faifan Liege & Lief, Ka Kuma Ji Shi Yadda Ya Kamata

A watan Mayun 1969, motar da ta ɗauko mawaƙan ƙungiyar Fairport Convention daga wani wasa a Birmingham ta yi haɗari a babbar hanyar M1 ta Ingila. Makaɗin gangunansu, Martin Lamble, yaro ɗan shekara 19, ya rasu a haɗarin, haka ma Jeannie Franklyn, budurwar mai jitarsu Richard Thompson. Waɗanda suka tsira sun yi tunanin watsewa. Daga baya suka kama hayar wani tsohon gida a ƙauyen Farley Chamberlayne da ke Hampshire, suka ɗauko sabon makaɗin ganguna, Dave Mattacks, suka jawo gwanin gogen Turawa Dave Swarbrick, suka zauna suna tono tsofaffin waƙoƙin gargajiyar Ingila da Sukotlan. Ashley Hutchings, mai jitar bas, shi ne mai zuwa ɗakin ajiyar waƙoƙi na Cecil Sharp House a Landan yana kwaso baitoci. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Liege & Lief, wanda kamfanin Island ya fitar a Disambar 1969, faifansu na uku a cikin wannan shekara guda. Joe Boyd ne ya jagoranci aikin, John Wood ya ɗauki sautin a sitidiyon Sound Techniques da ke unguwar Chelsea. A 2006 masu sauraron BBC Radio 2 suka zaɓe shi a matsayin faifan waƙoƙin gargajiya da ya fi kowanne tasiri.

Na kawo wannan tarihi ne don ka san abin da kake nema. Waƙoƙin kaka da kakanni ne aka ɗora musu jitar lantarki da ganguna, ga muryar mawaƙiyarsu Sandy Denny a sama kamar zare. Irin wannan faifai yana tona asirin bugu mara kyau da na'ura mara saiti, domin murya ce tsirara da goge mai kaifi, babu hayaniyar da za ta rufe aibi. An sha sake buga shi a faifan garmaho, kuma ba dukan bugun ne ɗaya ba. Ga yadda nake bi, daga lokacin da hannu ya fara ƙaiƙayin saye har allura ta sauka.

Da farko, yanke shawara: tsohon bugu ko sabo

Bugun farko na Ingila yana ɗauke da lamba ILPS 9115, kwalinsa mai buɗewa ne kamar littafi, takardar tsakiyar faifan kuma ruwan hoda ce mai harafin "i" fari. Bugun da suka biyo baya a shekarun 1970 suna da hoton tsibiri da itacen dabino, da ruwan hoda a gefen takardar kawai. A Amurka kamfanin A&M ne ya fitar da shi. Masu tara faifai suna rububin na farkon, don an yanka shi lokacin da tef ɗin asali yake sabo fil, kuma kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi. Sannan faifai ne da ya haura shekara hamsin, ya bi hannaye da yawa, ya sha allurai masu dakushi.

Ni shawarata ga wanda yake son ya saurara, ba ya ajiye a akwati ba, ita ce ya nemi sabon bugu mai kyau, ko kuma bugun tsakiyar 1970 mai lafiya idan ya dace da shi. Sabon bugu yana zuwa babu ƙarce, babu ƙurar wasu, kuma idan ya zo da matsala akwai inda za a mayar. Sai dai kalmar "sabon bugu" kaɗai ba ta gaya maka komai.

Mataki mafi muhimmanci: daga ina sautin ya fito?

A nan nake so ka daɗe, domin a nan ake cutar mutane.

Kafin a buga faifai, sai an yanka sautin a kan wani faranti mai laushi da ake kira "lacquer" da Turanci, ko kuma a kan farantin tagulla, wanda ake rubuta wa DMM. Daga wannan farantin ake yin hatimin ƙarfe da ke danne narkakkiyar roba ta zama faifai. Tambayar ita ce me aka kunna wa injin yankan. Akwai hanya uku. Ko dai tef ɗin asali aka ɗora kai tsaye, babu kwamfuta a tsakani, wanda masu harkar ke rubutawa AAA. Ko an kwafe tef ɗin zuwa fayil na kwamfuta mai inganci sosai, sannan aka yanka daga fayil ɗin. Ko kuma, mafi muni, an ɗauki sautin da aka shirya wa CD, ko ma CD ɗin kansa, aka zuba a faifai.

Hanya ta biyu ba abin kunya ba ce. Tef ɗin 1969 yana tsufa, kuma duk lokacin da aka kunna shi yana rage lafiya, shi ya sa manyan kamfanoni kan kwafe shi sau ɗaya su ajiye. Na ji faifai da aka yanka daga fayil masu daɗin gaske. Abin da nake ƙi shi ne ɓoyewa. A 2022 asirin kamfanin Mobile Fidelity na Amurka ya tonu, cewa shekaru da dama yana saka matakin kwamfuta a faifan da mutane ke saye da tsada suna zaton daga tef kai tsaye suke. Kamfanin ya amsa, ya ba da haƙuri, magana ta kai kotu. Abin lura a nan shi ne da yawa daga masu kunnen ƙwarai ba su gane ba sai da aka faɗa musu. Wato ingancin mai yankan da kulawarsa sun fi sunan hanyar muhimmanci, amma duk da haka mai saye yana da haƙƙin a gaya masa gaskiya.

To, yaya za ka gane? Karanta takardar da aka manna a ledar faifan da ƙananan rubutun bayan kwali. Idan kamfani ya yanka daga tef ɗin asali, ba ya yin shiru, zai rubuta, kuma sau da yawa zai ambaci sunan injiniyan da sitidiyon. Idan ka ga an rubuta kalmar "remastered" kawai babu wani bayani, ɗauka cewa daga fayil ne. Duba kuma sunan mai haƙƙin: Island yanzu yana ƙarƙashin Universal, saboda haka bugu na halal zai nuna sunan ɗayansu, ko ya ce an buga da izininsu. Faifan da babu wannan ko kaɗan, ga hoton kwali dishi-dishi kamar an kwafo daga ƙaramin hoto, bar shi inda ka gan shi.

Sai maganar nauyi. Za ka ga an buga "180g" da manyan haruffa kamar wata lambar girma. Giram 180 nauyin robar ne kawai. Faifan da ya fi wannan sauƙi, mai giram 120 zuwa 140, zurfin layinsa ɗaya ne, don zurfin layi tun wurin yanka ake ƙayyade shi. Mai nauyi yana da daɗin riƙewa, yana zama daram a kan faranti, amma mummunan yanka a kan roba mai kauri mummunan sauti ne mai kauri. Kada wannan lamba ta sa ka ƙara ko sisi.

Masana'antar da ta buga ma tana da tasiri. Akwai Pallas da Optimal a Jamus, Record Industry a Holan, GZ Media a ƙasar Cek, RTI da QRP a Amurka. Ba kullum ake rubuta sunan a kwali ba, amma yana ɓoye a wani wuri. Ɗaga faifan ka karkata shi ga haske, ka dubi filin nan mai santsi tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya. Za ka ga lambobi da haruffa da aka zana da hannu ko aka buga da hatimi. Wannan shi ne shaidar haihuwar faifan: lambar yanka, wani lokaci haruffan sunan injiniya, wani lokaci alamar masana'anta. Rubuta su a Discogs, shafin intanet mai tattara bayanan faifai, zai nuna maka takamaiman bugun da ke hannunka da abin da waɗanda suka saya suka ce. Idan daga nesa kake saye, roƙi mai sayarwa ya turo maka hoton wannan wurin. Mai gaskiya ba ya jin nauyin yin haka.

Saye da jigila

Idan na hannu za ka saya, akwai ma'aunin da 'yan kasuwar ke amfani da shi. NM na nufin kusan sabo. VG+ na nufin an yi amfani da shi, akwai ɗan alamu, amma yana kaɗawa lafiya. VG kuma za ka ji ƙaiƙayin ƙarce a wuraren da kiɗa ya yi sanyi. Ga faifan rawa mai ƙara, VG na iya wucewa. Ga wannan, kada ka sauka ƙasa da VG+, domin waƙa kamar "Reynardine" kusan rabinta shiru ne da murya, kuma duk wani tsartsar ƙarce zai zauna a tsakiyar ɗaki tare da kai.

Ga wanda ke Kano ko Maraɗi ko wani gari mai zafi irin namu, jigila ita ce babbar barazana. Robar faifai ba ta jure zafi. Ka ce wa mai sayarwa ya sa shi a kwali mai tauri da aka yi don faifai, ya ƙara fallayen kwali gaba da baya. Idan an riga an buɗe ledar, ya fitar da faifan daga babban kwalinsa ya ajiye shi a gefe cikin rigarsa ta ciki, don kada gefensa ya tsaga kwalin a hanya. In da hali, ɗan'uwa mai dawowa daga tafiya ya riƙo maka a jakar hannu ya fi komai.

Kuma ranar da ya iso, kada ka bar shi a mota. Na taɓa karɓo faifai da hantsi a watan Afrilu, na ajiye a kujerar baya, na shiga kasuwa na yi awa biyu. Da na dawo gida na zare shi, gefensa ya tashi kamar gurasa. Na ɗora shi a faranti, hannun na'urar yana hawa yana sauka kamar kwalekwale, allura tana tsalle daga waƙar farko. Wata uku na yi ina jiran wannan faifai, kuma har yau ina jin zafin abin.

Dubawa kafin kunnawa

Wanke hannu. Riƙe faifan ta gefe da tafin hannu, yatsa a kan takardar tsakiya, kada ka taɓa layukan. Duba shi a ƙarƙashin fitila mai haske. Ɗora shi a faranti, ka durƙusa idonka ya yi daidai da gefensa, ka kunna ba tare da sauke allura ba. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba komai ba ne. Idan kuwa yana tashi sosai, mayar da shi. Sannan ka sauke allura ka kalli hannun daga sama: idan yana lilo hagu da dama a kowane zagaye, ramin tsakiya bai zauna daidai ba, kuma za ka ji dogon jan gogen Swarbrick yana rawa kamar mai jin sanyi. Wannan aibin masana'anta ne, ba ya gyaruwa da saiti.

Sabon faifai ma yana buƙatar wanki. Yana fitowa daga masana'anta da ɓurɓushin takarda da wutar da ke jan ƙura. Samu ruwa tatacce irin na kyamis, ba na famfo ko na rijiya ba, don gishirin cikinsu yana bushewa a layi. Kada kuma a kawo maka ruwan batir mai asid da sunan tatacce. Ɗiga maganin wankin faifai kaɗan, ka bi layukan a zagaye da burushi mai laushi, ka kiyaye takardar tsakiya kada ta jiƙe, ka ɗauraye, ka jingine shi a tsaye ya bushe sarai. Bayan wannan, kafin kowane kunnawa, burushin zaren kabon ya isa: riƙe shi a hankali faifan ya zagaya sau biyu ko uku. Lokacin hunturu, da iska ta bushe ƙura ta cika gari, za ka ji faifan yana ƙyas-ƙyas idan ka zare shi daga riga. Sauya rigar takarda da mai leda mai laushi a ciki, ka riƙa rufe murfin na'urar duk lokacin da ba a amfani da ita.

Saitin na'ura

Ƙananan na'urorin nan masu kama da akwatin tafiya, masu lasifika a jiki, allurarsu tana danna faifai da nauyi mai yawa, kuma ba a iya saita ta. Idan ka kashe kuɗi a kan faifai mai kyau, nemi na'ura mai ma'aunin nauyi a bayan hannunta.

Fara da wuta. Najeriya da Nijar suna kan bolt 220 zuwa 240, zagaye 50 a daƙiƙa, kamar Ingila da sauran Turai. Amurka kuwa bolt 120 ne, zagaye 60. Taransifoma zai gyara maka bolt, amma ba zai gyara zagayen ba. Akwai na'urorin da motarsu ke ɗaukar gudunta daga zagayen wuta. Irin wannan idan an yi ta don Amurka, aka kunna ta a nan, maimakon juyi 33 da sulusi a minti za ta yi kusan 28, muryar Sandy Denny ta koma ƙasa ta yi nauyi. Haka kuma idan janareta kake amfani da shi, gudunsa yana hawa yana sauka, kiɗan zai bi shi. Mafita ita ce na'urar da ke daidaita gudunta da kanta, irin masu rubutun "quartz" a jiki. Akwai manhajojin waya da ke auna gudun faranti idan ka ɗora wayar a kai.

Ajiye na'urar a kan abu mai ƙarfi, ba teburi ɗaya da lasifika ba. Aro ma'aunin magina mai ɗigon iska a cikin ruwa, ka tabbatar farantin ya kwanta daidai ta kowane ɓangare.

Yanzu nauyin allura. Mayar da maɓallin da ke hana hannu zamewa ciki zuwa sifili. Juya ƙarfen bayan hannun a hankali har hannun ya tsaya a iska, bai faɗi ba bai tashi ba. Riƙe ƙarfen kada ya motsa, ka juya zoben lambobin kaɗai zuwa sifili. Sannan ka juya duka biyun tare zuwa nauyin da masu allurar suka rubuta: AT-VM95E ta Audio-Technica giram 2 take so, Ortofon 2M Red kuma giram 1.8. Ƙaramin sikelin allura ba shi da tsada, kuma ya fi zoben gaskiya. Mutane da yawa suna rage nauyin da nufin tausaya wa faifai, alhali allurar da ta yi sauƙi fiye da kima tana karkarwa a cikin layi tana dukan bangonsa, ɓarnarta ta fi ta wadda ta ɗan yi nauyi. Daga nan ka sa maɓallin hana zamewa a lamba ɗaya da nauyin.

Sautin da ke fitowa daga allura ƙanƙane ne ƙwarai, kuma tun wurin yanka an rage masa kauri an ƙara masa kaifi, bisa ƙa'idar RIAA da aka tsayar a shekarun 1950, don layuka su samu wuri. Dole wani abu ya mayar da shi yadda yake. Idan amfilifayarka tana da rami mai rubutun PHONO, nan za ka sa. In babu, sai ka sayi ƙaramin akwatin da ke wannan aiki, sai fa idan na'urar tana da nata a ciki. Siririyar wayar nan ta uku ta ƙasa ce, ɗaura ta a dunƙulen GND, in ba haka ba za ka ji gurnani a lasifika.

Saurare, wanda shi ne gwajin gaskiya

Fuska ta farko tana da waƙa huɗu: "Come All Ye", "Reynardine", "Matty Groves", "Farewell, Farewell". Ta biyu ma huɗu: "The Deserter", haɗin kiɗe-kiɗen rawa na goge, "Tam Lin", sai "Crazy Man Michael". Duka faifan kusan minti 40 ne, wato kamar minti 20 a kowace fuska, tsawon da bai takura wa mai yanka ba.

A "Reynardine" saurari shirun da ke bayan muryar. A nan za ka san ko robar mai tsabta ce. A "Matty Groves", wadda ta kai minti takwas, jira labarin ya ƙare, inda gudun kiɗan ke canzawa, jitar Thompson da gogen Swarbrick su shiga kokawa. A bugu mai kyau kana iya bin kowannensu daban, kana jin bas ɗin Hutchings yana tafiya a ƙasa, gangar Mattacks tana da jiki. A mummunan bugu duk sai su cakuɗe su zama ƙara ɗaya mai sa ka rage murya.

Babban gwajin yana ƙarshen kowace fuska. Yayin da allura ke matsowa tsakiya, da'irar tana ƙanƙancewa, saboda haka sautin daƙiƙa guda yana cushe a gajeren layi, bin sa kuma yana wahala. Kuma a daidai nan aka ajiye waƙoƙi biyu mafi taushi, "Farewell, Farewell" da "Crazy Man Michael". Kasa kunne ga harafin "s" a bakin Denny. Idan yana fita sumul, saitinka ya yi. Idan yana tsagewa yana "shhh" kamar an watsa ruwa a mai mai zafi, kada ka yi saurin zargin faifan. Goge allurar da ɗan burushinta daga baya zuwa gaba, sake auna nauyi, sannan ka duba ko kan allurar ya zauna a miƙe da takardar saiti mai layuka da ake ɗorawa a faranti. Idan allurar ta yi aiki na ɗaruruwan awoyi, sauya ta. Sai ka gwada wani faifan da ka amince da shi; in shi ya fita tsaf a waƙarsa ta ƙarshe amma wannan ya ƙi, to laifin yanka ne, ka mayar.

Idan ka gama, mayar da faifan rigarsa, bakin rigar yana kallon sama a cikin kwali don kada ƙura ta samu ƙofa. Jera shi a tsaye kamar littafi, kada a kwance wani kan wani, kada kuma a jingine a karkace. Zaɓi bangon ɗaki da rana ba ta duka da yamma, nesa da taga, nesa da inbata da batiranta, kuma ɗan sama da ƙasa saboda damina.